Fashin baƙi a kan baƙi: yunwa ce ke sa a ƙi su, ko rashin karatu?

Duk lokacin da tiyar gero ta ƙara kuɗi a Katsina, ba a daɗewa sai ka ji an ce, "Ai mutanen Nijar ne ke kwashe mana abinci." Ana faɗin haka a teburin mai shayi, ana faɗi a motar haya tsakanin Katsina da Jibiya, ana rubutawa a Facebook. In hira ta yi zafi sai a ƙara da cewa su suka karya kuɗin ƙodago, su ne 'yan ga-ruwa, su ne masu gadi, har ma su ne ke cikin daji da bindiga. Mai maganar kuwa, in ka bi salsalarsa, ba mamaki kakarsa 'yar Maraɗi ce, ko kuma Ɗan Isa aka kai ƙanwarsa aure.

Daga nan sai gardama ta tashi. Ɗan boko ya taɓe baki ya ce jahilci ne kawai, da mutane sun yi karatu da ba su yi irin wannan magana ba. Wani ya ce masa a'a, yunwa ce, kai da ke jiran albashi ƙarshen wata ba ka san zafin abin ba. To wane ne da gaskiya a cikinsu? Masana sun daɗe suna bin diddigin wannan tambaya a Turai da Amurka, mu kuma a nan muna da namu tarihin da ya kamata a ɗora a sikeli tare da nasu.

Wa ake nufi da baƙo?

Kalma ɗaya muke amfani da ita, amma mutane iri-iri ne a ƙarƙashinta. Ɗan ci-rani shi ne wanda ke barin gida bayan an kawar da amfanin gona, ya nemi abin da zai nema, ya koma kafin ruwan shuka. Ɗan gudun hijira tsoro ne ya koro shi, bai fito don neman kuɗi ba. Baƙon haure kuwa magana ce ta hukuma: wanda ya shiga ƙasa ko ya zauna a cikinta ba da izinin doka ba. Kafafen labarai sun yawaita kalmar har wasu suna ɗauka duk wanda ya tsallako iyaka ɗan haure ne. Ba haka ba ne. Yarjejeniyar da ƙasashen ECOWAS suka sa wa hannu a 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa a cikinsu damar shiga wata ya yi kwana 90 ba tare da biza ba. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, amma ECOWAS ta ce a ci gaba da barin mutanensu suna kai da komo har sai an sake shawara.

Yawansu fa? Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya sa baƙin da ke zaune a Najeriya a wajen miliyan 1.3, wato ba su kai ɗaya cikin ɗari na mutanen ƙasar ba. Gaskiya ne wannan lissafi ba ya kama mai tsallakowa ta bayan gari a kan babur. Amma kuma an lura a ƙasashe da dama cewa ido yana ninka baƙo. A wani bincike da aka yi a Amurka, mutane sun yi zaton baƙi sun haura kashi 30 cikin ɗari, alhali waɗanda ke zaune bisa doka wajen kashi 10 ne.

A Katsina abin ya fi haka rikitarwa, domin iyakar ce baƙuwa. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a farkon ƙarni na 20, ta ratsa tsakanin gona da gona. Bayan jihadi, gidan sarautar Katsina na dā arewa ya yi, ya kafa Maraɗi, shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Tsofaffi a ƙauyukan Daura in sun ce za su je "Faranshi" ba Turai suke nufi ba, bayan Kwangwalam suke nufi. Saboda haka baƙon da ake magana a kai a nan, harshenmu ɗaya da shi, alƙiblarmu ɗaya, tuwonmu ɗaya. Duk da haka in rayuwa ta yi zafi akan harare shi.

Ranar da muka kori mutum miliyan biyu

Wanda ke son ganin abin da matsin tattalin arziki ke yi wa baƙunta ba sai ya je Turai ba. A shekarun 1970, lokacin da kuɗin mai suka yi ambaliya, Najeriya ta zama wurin ci-ranin Afirka ta Yamma. Waɗanda suka yi sakandare a wancan zamani a Katsina ko Funtuwa ko Daura, da wuya ka sami wanda malami ɗan Gana bai koyar da shi ba. Teloli, masu gyaran takalmi, birkiloli, duk sun zo, kuma ba wanda ya damu, tunda tukunya cike take.

Daga 1981 farashin mai ya fara zamewa. Tsakanin 1980 da 1983 abin da ƙasar ke samu daga mai ya ragu da fiye da rabi. Gwamnatin Shehu Shagari ta shigo da matakan tsuke bakin aljihu a 1982, masana'antu suka fara sallamar ma'aikata, kayan masarufi suka yi wuya. Kafin nan kuma an sha rikicin Maitatsine a Kano a Disambar 1980, wanda ya ci rayuka sama da 4,000, kuma jagoransa Muhammadu Marwa mutumin Kamaru ne, sai aka samu abin nunawa. Ga zaɓe na tafe a watan Agusta. Ranar 17 ga Janairun 1983 ministan cikin gida, Alhaji Ali Baba, ya ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya bar ƙasar. An ƙiyasta mutum wajen miliyan biyu suka fita, kusan rabinsu 'yan Gana, sauran daga Nijar da Chadi da Kamaru da Togo da Benin. Jakar nan mai ratsi-ratsi da ake zuba kayan lefe ko kuɗin 'yan siyasa a ciki, wadda muke kira Gana-mas-go, daga nan ta samo suna.

Da yawa ba su san ramuwa ce ba. A Nuwamban 1969, gwamnatin Kofi Busia a Gana, bayan farashin koko ya karye kuma rashin aiki ya yi yawa, ta fitar da doka makamanciyar wannan, aka koro 'yan Najeriya sama da dubu ɗari, galibi Yarbawa, har da Hausawan da suka daɗe a zango-zangon Kumasi da Ankara suna fataucin goro. Abin da ya ci Doma bai bar Awai ba.

Tafiyar baƙin ba ta dawo da arziki ba. Kafin shekarar ta ƙare sojoji sun hamɓarar da Shagari. Gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakoki a Afrilun 1984, ta sake korar wasu da aka ƙiyasta 700,000 a 1985, ba a buɗe iyakar ba sai 1986. Wannan rufewa ta faɗo daidai da fari mai tsanani a Nijar, shi ya sa a can suka laƙaba wa yunwar wannan shekara suna El-Buhari. Mutumin Daura ne, kuma 'yan'uwan Daurawa ne suka raɗa sunan.

Malamin Gana da aka yi maraba da shi a 1977, shi ne dai aka kora a 1983. Halinsa bai sāke ba, ilimin 'yan Najeriya bai ragu ba a shekara shida. Tukunya ce ta yi ƙasa, aka kuma samu hukuma ta nuna da yatsa.

Aljihuna, ko abin da aka ce mini?

Bayanin da ya fi saurin zuwa a rai shi ne na kishiya: baƙo ya zo yana karɓar rabin abin da nake karɓa, dole in ƙi shi. Akwai gaskiya a ciki. Mai tura kurar ruwa a Ƙofar Ƙaura wanda ya ga kurori biyar sun ƙaru a layinsa da rani, ba sai an karanta masa littafi ba, ya san cinikinsa ya ragu.

Sai dai da masana suka auna abin a kan jama'a mai yawa, sun sami abin da ba su zata ba. A 1980 'yan Kuba wajen 125,000 suka tsallaka ruwa zuwa Amurka cikin 'yan watanni, da yawansu suka zauna a birnin Miyami, masu neman aiki suka ƙaru da kusan kashi 7 cikin ɗari. David Card, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a 2021, ya duba albashin 'yan gari, ya ga kusan bai motsa ba. George Borjas ya ja da shi, ya ce waɗanda ba su gama sakandare ba sun ji a jikinsu, kuma har yanzu ba a rufe gardamar ba. Dalilin da ake bayarwa mai sauƙi ne: baƙo ba hannu kaɗai yake zuwa da shi ba, har da baki. Yana hayar ɗaki, yana sayen shinkafa da wake, yana ɗinka riga.

Wasu masana biyu, Jens Hainmueller da Michael Hiscox, suka gwada ta wata hanya a Amurka. In da tsoron kishiya ne ke aiki, ai mai digiri ne zai fi ƙin baƙo mai digiri, lebura kuma ya ƙi lebura. Sai suka tarar da mai digirin da leburan duk sun fi son baƙo mai ilimi. Abin da irin waɗannan bincike suka nuna shi ne, mutum yakan yanke wa baƙi hukunci bisa yadda yake ganin ƙasa ta lalace ko ta gyaru, fiye da abin da ya shiga aljihunsa shi kansa. Yadda yake ganin ƙasa kuwa, daga rediyo ne, da bakin ɗan siyasa, da saƙon murya a WhatsApp.

Mu dawo ga maganar gero. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, tsadar abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar shekarar. Sefa kuwa ɗaure take da yuro, ba ta faɗi tare da mu ba. Ɗan kasuwar Maraɗi da ya shigo Jibiya ko Mai'aduwa da jakarsa sai ya tarar kuɗinsa sun kusa ninkawa. Don haka zancen cewa hatsi na fita ba ƙarya ba ne. Amma wa ya sayar? Manomin Mashi da ya samu farashi mai kyau bai yi kuka ba, dillali bai yi ba, mai mota bai yi ba. Wanda ya yi kuka shi ne mai awo kullum a cikin birni. Haka mai babbar gona da ke neman 'yan ƙodago da damina, shi addu'a yake su zo da yawa, ɗan ƙodagon gari kuma yana tsaki. Baƙo ɗaya ne, amma ya zama riba ga wani, asara ga wani, a unguwa ɗaya. Su kuwa man fetur da shinkafa da ke bin hanyoyin bayan gari, kowa ya san da ɗan gari akan ci gari.

A ganina mai kukan gero yana da gaskiya a kukansa, kuskurensa a wajen wanda ya kama ne. Faɗuwar naira ba ta da fuska, ba za ka tare ta a tasha ka zage ta ba. Gonakin Batsari da Safana da Faskari da aka daina nomawa saboda 'yan bindiga sun yi nisa da idon mai awo. Buzu mai rawani a bakin kasuwa kuwa ga shi nan a gabanka.

Boko na maganin abin?

A Turai da Amurka, in ana son a hasashi ra'ayin mutum a kan baƙi, zurfin karatunsa na cikin abubuwan da suka fi nunawa. A ƙuri'ar da Birtaniya ta kaɗa a Yunin 2016 ta ficewa daga Tarayyar Turai, wadda batun baƙi ya mamaye yaƙin neman ra'ayinta, wajen biyu cikin uku na masu digiri sun zaɓi a zauna, yayin da mafi yawan waɗanda ba su wuce sakandare ba suka zaɓi fita.

Me ya sa? Nan ma masana ba su haɗu ba. Wasu sun ce makaranta da kanta ce ke sauya mutum, suna kafa hujja da cewa a ƙasashen yammacin Turai da aka tsawaita karatun dole, waɗanda dokar ta riska sun fi na gabansu sassauci ga baƙi. Wani bincike a Suwizalan a 2015, da ya bi matasa shekara da shekaru, ya ce bambancin tun daga gida yake, kafin a shiga jami'a. Akwai kuma bayanin da ni ya fi ba ni dariya don na san shi a cikinmu: mai ilimi ya iya bakinsa. Ya san amsar da ake so, sai ya ba mai tambaya ita, ya bar ta zuciyarsa. Sannan kar a manta, baƙin da ke zuwa Landan galibi ba kujerar lauya suke nema ba, saboda haka lauya na iya yin karamci ba tare da ya rasa komai ba.

To in baƙon kujerar tasa yake nema fa? Dubi Kwaddibuwa. Kashi 26 cikin ɗari na mazaunanta baƙi ne a ƙidayar 1998, yawancinsu daga Burkina Faso da Mali, su ne ƙashin bayan noman koko. Da farashin koko ya faɗi, shugaban ƙasar Houphouët-Boigny kuma ya rasu a 1993, sai aka fito da aƙidar tantance wane ne ɗan ƙasa na asali. Ba 'yan dako ne suka tsara ta ba, malaman jami'a ne da 'yan siyasar da ke kewaye da Shugaba Bédié. Da ita aka hana Alassane Ouattara takara, aka jefa shakku a kan 'yan arewacin ƙasar baki ɗaya, a 2002 yaƙi ya ɓarke.

Mu ma muna da namu ƙaramin samfuri, wato takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Mai sayar da rake bai taɓa neman ta ba. Ɗan boko ne ke yawo da ita a fayil, don da ita ake samun gurbin karatu da aikin gwamnati, kuma shi ne zai fara rubuta takardar ƙorafi cewa wane ba ɗan jiha ba ne. Da aka cire Katsina daga tsohuwar jihar Kaduna a 1987, ma'aikacin da jiya ɗan gida ne a Kaduna ya wayi gari ana tambayar asalinsa. Haka da aka ɗora harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a 2021, wanda zai ratsa Daura da Katsina da Jibiya, masu cewa an kwashi kuɗin Najeriya za a yi wa 'yan Nijar aiki ba a tashar mota suke ba, a shafukan jaridu suke, da Turanci mai kyau. Boko yakan ɗauke kishin daga bakin rijiya ya kai shi ofis.

Akwai kuma gibi a ma'aunin kansa. Masu bincike shekarun aji suke ƙirgawa. Dattijon da ya sauke Alƙur'ani ya yi littattafai a zaure, a takardarsu "bai yi karatu ba" ne. Alhali shi ya san ayar Suratul Hashri da ta yabi mutanen Madina saboda fifita waɗanda suka yi hijira zuwa gare su ko da su kansu suna cikin buƙata. Shi ne ke da almajirai daga Tasawa da Matamai a tsangayarsa. Bafataken da bai taɓa zama a benci ba amma ya yi Agadas ya yi Kwatano, ya san ɗacin kwana a garin da ba ka da kowa. Tun 1954 wani masani, Gordon Allport, ya kawo ra'ayin cewa cuɗanya ta ƙut da ƙut, ta mutanen da ke ganin juna daidai, tana rage ƙyama, kuma bincike da yawa sun mara masa baya. Mu da muka gaji "baƙonka annabinka" mun kuma gaji "baƙo raɓa, ɗan gari kaba", kowanne akan ɗauko shi ranar da ya dace da buƙata. Daura ma da take alfahari da rijiyar Kusugu, labarin baƙo take bayarwa, wanda ya iso da dare ya nemi ruwa.

Zancen tsaro

Wannan shi ke mai da tsaki ya koma tsoro. Makamai na tsallako iyaka, musamman tun rushewar Libiya a 2011, kuma 'yan bindiga na zirga-zirga tsakanin dazuzzukan ɓangarorin biyu. Amma manyan da ake kiran sunayensu, waɗanda hukuma ta sa lada a kansu, akasari an san ƙauyukansu da iyayensu a Zamfara da Katsina da Sakkwato. Cewa "baƙi ne" yana da daɗi a bakin mai mulki, domin ya sauke masa nauyi.

Abin da talaka ke girba

Mun ga rufe iyaka sau biyu a 'yan shekarun nan. Na Agustan 2019, wanda Jibiya ba ta fita daga cikinsa ba sai Afrilun 2022, har da hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Sai na bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Yamai, wanda aka ɗage a Maris ɗin 2024. Ba don korar baƙi aka yi su ba, amma sun nuna abin da ke faruwa in an datse kai da komo. Abinci bai yi araha ba. Direbobi da 'yan dako da masu sayar da abinci a Magama suka zauna, dabbobin da ke shigowa daga arewa suka yi tsada, shingaye suka yawaita a hanya, kowane shinge da kuɗinsa. Mai babban jari ya san hanyar da zai bi, mai buhu biyu ne aka ƙwace wa.

Sai kuma abin da ba a cika tunawa ba: Bakatsine da Bamaraɗe ba a bambanta su da ido. Lokacin da ake ta muhawarar hana acaɓa a Legas, abin da ake yawan faɗa shi ne masu baburan ba 'yan Najeriya ba ne, daga Nijar da Chadi suke. Yaron Ɗanmusa ko Baure da ba shi da katin ɗan ƙasa a aljihu, da me zai kare kansa? Maganar da muka yi a kan maƙwabci a teburin shayi, ita ce ake yi a kan ɗanmu a Agege. 'Yan takarinmu a Makka da Jidda sun san kamu, sun san jirgin da ke dawo da mutum da kayan jikinsa. A Afirka ta Kudu, inda rashin aiki ya yi katutu, tarzomar ƙin baƙi ta Mayun 2008 ta kashe mutum 62, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku na mamatan 'yan ƙasar ne da aka ɗauka baƙi.

Tun 2019 kuma tafiyar ta juya. Kafin ƙarshen shekarar mutum sama da 40,000 daga Sakkwato da Zamfara da Katsina sun tsere wa 'yan bindiga zuwa jihar Maraɗi, mafi yawansu mata da yara, daga baya adadin ya ƙaru. Ba sansani suka tarar ba. Ƙauyukan yankin Gidan Rumji ne suka sauke su a cikin gidajensu, mutanen da ke cikin mafi talaucin duniya, waɗanda da yawansu ba su taɓa shiga aji ba. Sai daga baya hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kwashe wasu zuwa matsugunan da aka tanada nesa da iyaka, irin su Garin Kaka da Cadakori.